Ƙarin Doki Daga Kwamfuta: Me Ake Samu In An Taɓa Ƙwaƙwalwar Mota, Wa Kuma Ke Biya?

A ƙarƙashin sitiyarin kusan kowace motar zamani, daidai inda gwiwar direba ke kaiwa, akwai wani ɗan soket mai ramuka 16. Yawancin masu mota ba su taɓa sunkuyawa sun dube shi ba, sai ranar da fitilar nan mai hoton inji ta kama, makanike ya zo da na'urarsa ya ce zai yi sikanin. Amurka ce ta fara wajabta shi a kan motocin 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 kuma ga masu dizal. An sa shi ne don hukuma da masu gyara su iya tambayar mota abin da ke damunta. To amma ta nan ɗin dai ake shiga a zuba wa mota sabon umarni, a ce an ƙara mata doki talatin ko hamsin ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Sana'ar ta daɗe da kafuwa a Jamus da Ingila da Amurka, inda take da kamfanoninta da dokokinta. Yanzu ta iso mu. A garejin Apo da ke Abuja, da Ladipo a Legas, da manyan garejin Kano da Kaduna, an samu sabon rukunin masu gyara waɗanda kayan aikinsu laftof ne da 'yan wayoyi, hannunsu ba ya taɓa baƙin mai. Mafi yawan aikinsu na ceto ne: haɗa sabon makulli, gano sensar da ta mutu, daidaita birenbos, wato ƙwaƙwalwar inji, da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da motar da za a sa wa. Amma a cikinsu akwai masu tallan abin da ake kira rimaf, wato sake rubuta umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji, kuma alkawari biyu suke yi: mota za ta ƙara ƙarfi, za ta kuma rage shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da yawa cikin 2024, alkawari na biyun ya fi na farko shiga kunne.

Na farkon gaskiya ne, a wasu motocin. Na biyun kuwa sai an yi masa tankaɗe da rairaya. Abin da masu tallan ba su cika faɗa ba shi ne kwamfuta ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Daga mai ƙarfi yake fitowa, kuma duk dokin da aka ƙara sai an ciyar da shi.

Iska, mai da wuta

Abu uku injin fetur yake haɗawa: iska, mai, da tartsatsin filogi. A zamanin kabureta, zamanin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, makanike ne ke daidaita su da sukudireba da kunnensa. Ya murɗa, ya saurara, ya sake murɗawa. Kamfanin Bosch na Jamus yana cikin waɗanda suka fara karɓe wannan aiki daga hannun mutum: a 1967 ya sa wa Volkswagen 1600 tsarin D-Jetronic mai fesa mai da umarnin lantarki, a 1979 kuma ya fito da Motronic a cikin BMW 732i, inda kwamfuta ɗaya ta haɗa ikon mai da na wuta. Jikokin wannan na'ura ne ke cikin Corolla da Camry da Sharan da suka cika titunanmu.

Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar giram 14.7 na iska. Duk aikin ƙwaƙwalwa a kan wannan awo yake zagaye. Wata sensa tana auna iskar da ke shiga, wata tana ƙirga juyin inji, wata tana jin zafin ruwa, wata kuma tana cikin salansa tana shinshina hayaƙi don ta gane ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ƙwaƙwalwa ta tattara duk wannan, ta duba jadawalin da injiniyoyi suka rubuta mata, ta yanke tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe da daidai lokacin da filogi zai ba da wuta. In motar mai tarbo ce, akwai jadawali na uku mai tsayar da yawan iskar da tarbo zai tura. Bayan waɗannan akwai na iyaka: iyakar juyi, iyakar gudu, iyakar ƙarfin da giya za ta iya ɗauka.

Rimaf bai wuce canza lambobin da ke cikin waɗannan jadawalai ba. A da, sai an buɗe akwatin an cire ɗan guntun ma'ajiyar an sa wani. Yanzu akwai na'urori irin su KESS na kamfanin Alientech na Italiya masu kwafo fayil ɗin ta soket, da manhajoji irin su WinOLS da ake gyara lambobin da su. Masu tsere na gaske ma cire ƙwaƙwalwar kamfani suke yi ɗungurungum su sa wata, irin su Haltech ko MoTeC na Ostareliya, wadda ake rubuta komai nata daga tushe.

Rarar da kamfani ya bari

Tambayar da kowa ke yi ita ce: in har injin zai iya ba da fiye da haka, me ya sa kamfani ya danne shi? Masu talla suna son a ɗauka rowa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kamfanoni kan sayar da inji ɗaya a farashi biyu ko uku, bambancin ya zama rabi kayan ƙarfe rabi umarni. Amma babban dalilin ba shi ke nan ba. Kamfani yana rubuta jadawali ne don motar da bai san hannun da za ta faɗa ba. Wata za ta ƙare a sanyin Nowe, wata a zafin Maiduguri. Wani zai riƙa juye baƙin mai a kan kari, wani sai ya ji inji ya fara kuka. Wani zai sha mai mai kyau, wani kuma na galan a bakin titi. Don haka sai a bar rara: a ja wuta baya kaɗan, a rage turin tarbo, a ƙara ɗan mai a lokacin nauyi don ya sanyaya silinda. Wannan rara ita ce ke sa motar da ta yi shekara goma sha biyar a Beljiyam ta zo nan ta ƙara wasu goma.

Mai rimaf wannan rarar yake kashewa. Wanda ke zaune a ƙasa mai sanyi, mai tsabtataccen fetur, yana iya kashe rabinta bai ji a jikinsa ba. Mu kuwa a cikinta muke rayuwa kullum, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Sannan ba kowace mota ce ke da abin bayarwa ba. Injin da ba shi da tarbo, irin 1.8 na Corolla ko 2.4 na Camry, iskar da zai iya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, kuma ba lambar da za ta ƙara masa faɗin silinda. Abin da ake samu a irinsa ba ya wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, wanda direba ba zai iya bambance shi da sabon filogi ba. Abin da wasu ke yi shi ne su canza yadda totur ke amsa ƙafa, ta yadda ɗan taki kaɗan zai buɗe iska da yawa. Mota ta riƙa zabura, mai ita ya yi murna, alhali ƙarfinta na ƙarshe yana nan inda yake. A ganina wanda ya biya kuɗi mai yawa don wannan a kan Corolla, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai tarbo daban ne. Da yake umarni ne ke tsayar da yawan iskar da ake cusa masa, ana iya samun ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari da laftof kaɗai, musamman a injin dizal. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya tuƙa irin motar zai shaida. Sai dai a dubi yadda kamfani da kansa yake yi in ya so ƙarin. Injin dizal 2.8 na Hilux ya fito a 2015 da doki 177. A 2020 Toyota ta kai shi 204. Ba lambobi kaɗai ta taɓa ba: ta sa tarbo mafi girma, ta gyara tsarin fesa mai, ta inganta sanyaya inji. Doki 27 kacal, amma sai da aka bi ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin mai

Nan ne gizo ke saƙar, kuma lissafin ba shi da wuya. Injin fetur mai tarbo, in an take shi har ƙasa, yana shan abin da ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na lita a kan kowane doki a cikin awa ɗaya. A ce lita 0.35. Inji mai doki 200 ke nan yana bukatar lita 70 a awa in yana aiki da dukkan ƙarfinsa. In aka kai shi doki 260, bukatarsa ta koma lita 91.

Yanzu a raba wa nozul huɗu. A doki 200, kowanne zai zuba kusan mililita 290 a minti. Injiniyoyi ba sa son nozul ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokacinsa a buɗe, saboda yana bukatar sararin rufewa da sake buɗewa, kuma lokacin ba shi da yawa: in inji na juyi 6,000 a minti, kowace silinda tana da kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa ne kawai tsakanin wuta da wuta. Don haka za a sa nozul mai iya zuba wajen mililita 365. A doki 260 kuwa, ana neman kusan 380 daga kowanne. Ko da ya buɗe bai sake rufewa ba, ba zai kai ba. Kwamfuta za ta ba da umarni, ƙarfe ya kasa cikawa.

Famfon da ke cikin tanki ma haka. Yayin da tarbo ke ƙara matsin iska, dole matsin mai ya tashi tare da shi kafin ya iya kutsawa, kuma kowane famfo yawan abin da yake turowa raguwa yake yi in matsi ya ƙaru. Wannan a sabon famfo ke nan. A tuna da irin wanda ke cikin motocinmu: ko dai na asali ne da ya yi shekara ashirin, ko kuma na kasuwa mai araha da aka sa bayan na asalin ya mutu, ga filta da ta sha dattin tanki, ga al'adarmu ta yawo da fitilar mai a kunne, wadda ke hana famfo samun man da ke sanyaya shi.

In iska ta ƙaru mai bai biyo ta ba, haɗin ya tsinke, zafin cikin silinda ya yi sama. Mugun abin shi ne mota ba ta nuna alama. Sau da yawa ma a lokacin ta fi daɗin tuƙi. A cikin gari ba abin da zai faru, domin ba wanda ke take totur har ƙasa fiye da 'yan daƙiƙu. Sai ranar da aka hau hanyar Kaduna zuwa Abuja da cikakken lodi, da rana tsaka, aka daɗe ana taka ta don a wuce jerin tireloli.

Shi ya sa a inda sana'ar ta zauna da gindinta ake kasa aikin mataki-mataki. Matakin farko umarni ne kawai, a cikin abin da kayan asali za su iya ɗauka. Na biyu sai an faɗaɗa salansa an sa babban lagireton sanyaya iska. Na uku kuwa sai an canza tarbo da nozuloli da famfo, sau da yawa har da kuloci. Haka in an canza irin man: itanol ba shi da ƙarfin fetur a lita, don haka motar da za ta sha haɗin E85 mai yawan itanol tana bukatar ƙarin wajen kashi 30 cikin ɗari na ruwan mai. A Burazil, inda Volkswagen Gol mai shan fetur da itanol ta fito a 2003, tun daga masana'anta ake girka nozul da famfon da za su iya.

Fetur ɗinmu da zafinmu

Hanya ta biyu ta samun ƙarfi a injin fetur ita ce gaggauta wuta, wato filogi ya tartsa tun fistan bai gama hawowa ba, don tsananin turin ya same shi a daidai lokacin da ya fi amfani. Ana ƙara gaggawar ana samun ƙarfi, har a kai inda ragowar haɗin da ke gefen silinda zai fashe da kansa saboda zafi da matsi, kafin harshen wuta ya iso shi. Wannan shi ne ƙwanƙwasa. Mai kunne zai ji ta, wata siririyar ƙarar ƙarfe, ƙyas-ƙyas-ƙyas, musamman in ana hawan tudu a babbar giya.

Duk makaniken da ya taɓa sauke injin da ƙwanƙwasa ta ci ya san kamanninsa. Saman fistan ya yi ƙananan ramuka barkatai. Gefensa, inda zobe yake zama, ya ɓantare. Farin kan filogi ya yi ɗige-ɗigen ƙarfen da ya narke. Wani lokaci gasket ne ke fara sallamawa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Mai mota zai ce inji ya buga ba gaira ba dalili, alhali ya yi watanni yana bugawa a hankali.

Abin da ke hana fetur fashewa da kansa shi ne okten. A Turai fetur na gama-gari 95 ne, akwai kuma 98. A Amurka ma'auninsu daban ne: 87 ɗinsu ya yi daidai da wajen 91 na Turai, 93 ɗinsu kuma wajen 98. A Najeriya fetur iri ɗaya ne a kowane gidan mai, kuma ƙa'idarsa ta tsaya wajen 90 zuwa 91 a ma'aunin Turai. Ba famfo na biyu da mutum zai matsa ya ce a ba shi mai tsada. To, mafi yawan fayilolin da ke yawo a intanet, waɗanda ake saya da araha ko a kwafa kyauta, an rubuta su ne don 98 na Turai ko 93 na Amurka. Wanda ya zuba irin wannan fayil a motar da ke shan man Kano ya ba ta umarnin da manta ba zai iya ɗauka ba.

Za a ce ai akwai sensar ƙwanƙwasa. Akwai ta, tana manne a jikin inji, in ta ji ƙarar sai ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya. Amma sai an ƙwanƙwasa take ji, kuma akwai iyakar abin da za ta iya janyewa. Sakamakon shi ne ƙarfin da aka biya kuɗi aka saya ya tafi, haɗarin kuma ya zauna. Wasu marasa tsoron Allah ma rage jin sensar suke yi don kada ta hana lambar da suka yi alkawari fitowa.

Ga kuma zafi. Iskar da ke da maki 40 ta fi ta maki 15 rashin nauyi da wajen kashi 8 cikin ɗari, kuma ta fi saurin jawo ƙwanƙwasa. A Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, wannan ba baƙon yanayi ba ne, shi ne na kullum. Sannan man kansa ba kullum yake zama yadda takarda ta ce ba. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo. Ban da abin da ke faruwa a hannun 'yan bumburutu. Motar da ke da rararta takan sha da ƙyar a irin wannan rana. Wadda aka kashe wa rara ba ta da abin kare kai.

Maganar rage shan mai

A injin dizal mai tarbo akwai ɗan abin kamawa. In ƙarfin ja ya ƙaru a ƙaramin juyi, direba zai iya zama a babbar giya ya daɗe, kuma in ya riƙe ƙafarsa zai iya ganin ɗan sauƙi. Amma wanda ya biya kuɗi don ƙarfi ba kasafai yake riƙe ƙafa ba. A injin fetur kuwa, a tafiyar yau da kullum sensar salansa ce ke riƙe awo a kan 14.7, kuma ba inda za a matse a samu wani abin kirki. Kada kuma a yarda da lambar da allon mota ke nunawa. Ƙwaƙwalwa ba ta auna man da ya fita daga tanki. Lissafa shi take yi daga abin da take zaton ta fesa. In an ruɗe ta, musamman da 'yan akwatunan nan da ake laƙawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa, lambar za ta yi kyau alhali tanki na faɗin wani abu daban. Awo na gaskiya shi ne a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba da kilomita.

Abin da ya fi damuna shi ne, dubban motocinmu suna shan mai fiye da kima saboda abin da muka yi musu da hannunmu. Mota na sauka daga Kwatano, abu na farko a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen maki 90. In ruwa ya ƙi kaiwa nan, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Sensar salansa ta mutu, a ce a bar ta ai mota na tafiya. Ƙurar hunturu ta lulluɓe sensar iska, ba mai gogewa. Mai irin wannan mota ba sabon fayil yake bukata ba. A mayar mata da idanunta da hancinta, a ga yadda tanki zai ƙara kwana.

Hayaƙi da doka

Akwai ɓangaren sana'ar da ba ruwansa da ƙarfi: kashe na'urorin tace hayaƙi. A fasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, a sayar, tunda akwai ƙarafa masu daraja a ciki, sannan a goge lambar daga ƙwaƙwalwa don kada fitila ta kama. A motar dizal a cire matatar baƙin hayaƙi, a toshe bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji. Adalci ne a faɗi cewa ba kullum son zuciya ke jawo wannan ba. An ƙera matatun ne don dizal ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin salfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta samu dizal da ya ninka ƙa'idar Turai har sau 378. Irin wannan mai toshe matata yake yi, sabuwa kuma ɗan karen tsada gare ta. A 2020 ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Duk da haka, hayaƙin da matata ta daina kamawa ba ɓacewa yake yi ba. Yana shiga ƙirjin mai talla a bakin danja da yaron da ke bayan babur.

Ƙasashen da suka ƙera motocin ba sa wasa da wannan. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ta rubuta wa motocinta na dizal umarnin da ke gane lokacin gwaji: a ɗakin gwaji su yi tsaf, a kan titi su fitar da gurɓatacciyar iska har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci miliyan 11 abin ya shafa a duniya, kuma ya ci wa kamfanin fiye da Yuro biliyan 30. A 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da na'urorin canza umarnin babura. A ƙarshen 2023 Cummins mai ƙera injin dizal ta amince da tarar dala biliyan 1.675 kan irin wannan laifi. A Jamus, in aka yi rimaf ba a kai an duba an rubuta a takardun mota ba, izinin hawanta titi ya faɗi. A Ingila wanda bai sanar da kamfanin inshora ba yana iya rasa diyya ranar haɗari. A nan kuwa mutum zai sayi motar hannu bai san an taɓa ƙwaƙwalwarta ba, kuma ba takardar da za ta gaya masa.

In har za a yi

Ban ce kada kowa ya yi ba. Mai motar tarbo mai lafiya, wanda ya san abin da yake saya, yana da haƙƙinsa. Amma aikin ƙwarai yana da kamanni. Ana fara shi ne da duba lafiyar inji: matsin silinda, matsin mai a lokacin nauyi, filogi, yoyon iska. Sannan a kwafe fayil na asali a ajiye, a ba mai mota nasa kwafin. Sai a jona batir da caja mai riƙe wuta daram, domin rubutun yakan ɗauki mintuna, inji a kashe, makulli a kunne. A motoci da yawa, da an fara sai fankar lagireto ta tashi da ƙarfi, fitilun allo su riƙa walƙiya, ana kallon layin da ke tafiya a hankali a fuskar laftof. In batir ya faɗi a tsakiyar nan, ko waya ta motsa, ƙwaƙwalwar ta zama ba ta tsohon umarni ba ta sabo, mota ba za ta ko yi tari ba. Daga nan sai a ciro akwatin, a ɗumama murfin a ɓamɓare, a nemi farfaɗo da shi ta kan allon lantarkinsa. Na'urorin jabu masu araha da suka cika kasuwa sun fi kowa jawo wannan.

Bayan rubutu sai gwaji, kuma nan ne ake gane gwani. Zai sa sensa ta musamman a salansa mai nuna awon iska da mai daidai, ya hau motar a kan na'urar gwaji mai birgima ko a kan titi da laftof a cinya, yana duba ko wuta na ja da baya, ko matsin mai na faɗuwa, da man da motar za ta riƙa sha, da tsakar rana ba da asuba ba. Wanda ya zuba fayil cikin minti goma ya karɓi kuɗi ya ce a sauka lafiya bai yi ko rabin aikin ba. Kuma kafin a ƙara wa mota gudu, a tambayi birki da taya da kuloci ko sun shirya.

Inda aikin yake a yau

Inda ƙasar nan ta fi bukatar masu wannan ilimi ba wajen tsere ba ne, wajen iskar gas ne. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa shirinta na CNG a 2023, motocin haya da na gida da yawa sun koma shan gas, kuma kowace juyawa aikin ƙwaƙwalwa ce. Hankalin jama'a ya fi tafiya kan tukunyar, kuma da dalili: tana ɗauke da matsin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, kuma fashewar da aka yi a wani gidan gas a birnin Benin cikin Oktoban 2024 an danganta ta da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba. Amma akwai ɓarnar da ba ta ƙara.

A tsarin zamani ana ƙara wata ƙaramar kwamfuta ce wadda ke sauraron umarnin da ƙwaƙwalwar asali ke aika wa nozulolin fetur, ta juya shi zuwa na nozulolin gas. Gas ɗin halinsa daban. Yana son iska wajen giram 17 a kan kowane giram nasa. Okten ɗinsa ya haura 120, don haka ba ya ƙwanƙwasa, amma ya fi fetur jinkirin ƙonewa, yana son a gaggauta masa wuta. Da yake iska ne shi ma, yana cinye gurbin iskar da inji zai zuƙa, shi ya sa ƙarfi ke raguwa da wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Direban da aka gaya wa wannan tun farko ba zai zargi kowa ba. Sannan busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi. In mai haɗawa ya matse gas ɗin don a yaba masa a kan sauƙi, bawulolin salansa ne za su biya, a hankali, cikin watanni.

Gwajin kuwa yana cikin soket ɗin kowace mota. Ƙwaƙwalwa tana ajiye lissafin gyaran da take yi wa awon mai, ƙari ko ragi. Mai haɗawa na ƙwarai zai karanta wannan lamba mota na kan fetur, ya juya ta kan gas, ya yi ta daidaitawa a tsaye da kuma a kan hanya har lambobin biyu su yi kusa da juna, sannan ya ce a dawo bayan 'yan dubban kilomita a sake dubawa, a auna bawul. In aka bar su da nisa, ƙwaƙwalwa za ta koyi gyaran da ya dace da gas ta riƙe shi, ta kuma yi amfani da shi a kan fetur. Shi ya sa za ka ga motar da ke tafiya lafiya lau a kan gas da yamma, amma da safe in an tashe ta a kan fetur sai ta yi ta gargada tana mutuwa, a yi ta canza mata filogi da famfo a banza.